Malafar Nomau

Duk unguwar Ajame ta birnin Abijan babu wanda bai san Kailu mai hoto ba, sai dai rabin waɗanda suka san shi ba su san sunansa na yanka ba, Buje-fa suke ce masa. Kalmar ta Faransanci ce, ma'anarta kar ka motsa, ya tsince ta a bakin wani mutumin Senegal da ya koya masa sana'a a Basam. Bakin Kailu ya lanƙwasa ta yadda ya ga dama, maƙogwaronsa kuma ya ba ta ƙarfin da masu ita ba su taɓa ba ta ba. In ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku a gindin mangwaron bakin kasuwa, ya zaunar da mutum a kujera, ya daka wannan tsawa, har mai tallan ayaba da ke wucewa sai ta ƙame da farantinta a ka. Ba son faɗa ne ya sa shi ba, akwatin ne ba ya kama abin da ke motsi. Zai cire murfin idon akwatin, ya yi bisimilla a ransa, ya mayar. Wanda ya ko gyara zama a wannan tsakani, sai ya fito kamar hayaƙi.

To, mutumin da wannan ce sana'arsa, shi aka aika ya ɗauko hoto a wajen wasan jiragen sama.

Yayarsa Tsahara ce ta aike shi. Mijinta Nomau, babban mahauci a kasuwar Ajame, ya rasu farkon damina, shekarar da aka soke aikin tilas. Ɗansu na fari, Harisu, tun farkon yaƙin duniya aka ɗauke shi soja. An gama yaƙin, 'ya'yan mutane suna ta dawowa, wasu da ƙafa ɗaya, wasu da Faransanci cike da baki, shi shiru. Nomau ya mutu bai san ko yaron na duniya ba.

Sai ga Maiwada dillalin shanu, abokin marigayin, ya sauko daga arewa a jirgin ƙasa da labari. Ya rantse ya ga Harisu da idonsa a Bamako, har sun gaisa. Yana cikin sojojin da ke yi wa jiragen sama hidima, masu ɗura mai da goge ƙarfe. Yaron ya ce za a kawo su Abijan ranar bikin Turawa na watan Yuli, a yi wasa da jirage a filin da ke bayan unguwar Tireshibil, su zo da safe su juya da la'asar, kuma ba za a bar kowa ya leƙa gari ba. Ya ce a gaya wa Baba ya zo ko daga nesa su ga juna. Maiwada ya amsa da to, don shi ma a lokacin bai ji rasuwar ba. Sai da ya sauka Ajame ya tarar da wata a kan teburin Nomau tana sayar da barkono.

Tsahara tana cikin takaba, ko ƙofar gida ba ta taka ba. Ta tura aka tambayi liman ko akwai wata kafa, ya ce ganin ɗa ba ya cikin larurar da ke fitar da mai takaba. Ba ta yi gardama ba. Ta sa aka kira mata ƙaninta, ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta yi masa magana tana kallon tabarma. Sunan ɗan fari ba ya fita daga bakinta, balle na miji.

“Abu biyu nika so, Kailu. Ka kawo mini huskar ɗan nan naka, in ga yadda ya koma. Kuma ka hwaɗa mishi maigidan ya riga mu. Kada shi ji ga bakin baƙo.”

Kailu ya so ya yi mata bayanin yadda akwatinsa ke aiki, cewa sai mutum ya zo kusa, ya zauna, ya natsu. Ya dubi fuskarta, ya haɗiye bayanin. Da zai tashi ta miƙa hannu ta sauko da malafar Nomau daga ƙusa, ta ce ya sa, filin nan babu inuwa, kuma sama ba ta da tabbas. Malafa ce mai faɗi, an lulluɓe ƙoƙonta da jar fata, tana da tunku a tsakiya. A kasuwa da ita ake gane inda Nomau yake tun daga bakin titi. Harisu ma da yana saurayi, in ya dawo daga mayanka, ba ya durƙusa wa uban a cikin jini da ruwan wanke tebur. Da ya hango jar malafa daga nesa sai ya dunƙule hannu ya ɗaga ya jinjina, uban ya ɗaga wuƙa ya amsa. Ba ya yi wa kowa wannan gaisuwa sai shi.

Ranar biki suka fita bayan asuba, Kailu da akwati a kafaɗa, Maiwada da bokitin wanke hoto da surutunsa. Suka ratsa Filato, unguwar Turawa, inda aka rataya tutoci har a jikin itatuwa. Suka hau gadar nan mai iyo a kan ruwa, wadda ke lilo in mota ta hau, ranar kuwa duk Abijan ta hau ta lokaci guda. Wani ya taka wa Kailu takalmi ya tsinke, wata ta zage shi da Julanci, yaren kasuwar garin, wai ƙafar akwatinsa ta zungure ta. A Tireshibil suka sami kamyo, babbar motar kaya, mai zuwa filin, direba ya ce akwatin ma sai ya biya kuɗin mutum. Kailu ya biya yana tsaki. Abin da ya fi damunsa gwangwanin da ke aljihun rigarsa, inda ya adana ɗan abin da ya rage masa na takardar hoto. Tun yaƙi takardar ta yi wuya, wadda ke hannunsa ba ta cika yatsun hannu ɗaya ba.

Da suka isa sai ya tarar da igiya. An ja ta daga wannan gefen fili zuwa wancan, baƙar fata duk a bayanta, gardawan gwamnati, wato 'yan sandan Faransa masu jar hula, suna sintiri da kulake. Can ciki an kafa wa Turawa rumfa da kujeru, dab da jiragen, har wani yaro nasu yana taɓa fiffike da hannu. Kailu ya hango wani Bature da ɗan akwatin hoto a wuya, bai fi gwangwanin kifi ba, yana ɗaga shi ido yana latsawa yana wucewa, ba ƙyalle, ba tsawa. Kailu ya dubi nasa akwatin mai ƙafa uku. Da wannan abin a hannunsa, da tuni ya gama ya koma gida.

Ya matsa wajen wani gardi, ya gaishe shi da ladabi, ya haɗa Faransancinsa na kasuwa da Julanci da nuni da hannu: ɗan yayarsa na ciki, soja ne, ubansa ya mutu, magana ɗaya kawai zai gaya masa. Gardin mutumin kurmi ne, bai ji Hausa ba, Julancinsa bai fi na Kailu ba. Ya dai ji kalmar soja, ya nuna fili da kulki, alamar ga sojoji nan birjik, a zaɓa. Maiwada ya ce a kira wancan Baturen mai igiya a kafaɗa, ya shiga ƙwala masa “Mushe! Mushe!” Kailu ya tuna yadda Nomau ke cewa shi mahauci ne, bakinsa ba zai iya kiran mutum mai rai mushe ba, ko da haka Faransawa ke girmama junansu. Baturen ko waiwaye bai yi ba.

Dole ya kafa akwatin a bayan igiya, cikin yashi, tsakanin wata mai sayar da aceke, dambun rogo, da wasu samarin Tireshibil masu farar kwat. Da ya zo zura kai cikin baƙin ƙyalle sai malafar ta ƙi shiga, ta tokare bakin akwatin. Ya cire ta ya miƙa wa Maiwada ya ce ya riƙe masa. Maiwada, da ranar ta fara dukan ƙeyarsa, ya kifa ta a kansa.

A cikin ƙyalle duniya a kife take fitowa a jikin gilashi, ƙafa sama kai ƙasa, kuma Kailu ya saba. Abin da bai saba ba shi ne ya nemi mutum guda a cikin mutanen da ba su fi ƙudaje girma ba, duk kaki iri ɗaya, duk hula iri ɗaya, kuma babu mai tsayuwa wuri ɗaya. Wannan ya gangaro da ganga, wancan ya hau fiffike, wani ya ruga da tsani. Ya fito da kai yana gumi ya tambayi Maiwada wanne ne. Maiwada ya ce wancan dogon. Can kuma ya ce a'a, wancan mai guga. Can ya ce shi fa a Bamako yaron ba hula a kansa.

Aka busa ƙaho, aka fara wasa. Jiragen suka tashi bi da bi, ƙasa na rawa, mata na toshe kunnuwan goyonsu. Suka taru a sama kamar jerin balbela, suka rabu, ɗaya ya kife ciki sama, ɗaya ya sulmiyo kamar zai faɗo kan mutane, taro ya watse baya da ihu, ya dawo yana dariya. A wannan turereniya aka ture ƙafar akwatin, da ƙyar Kailu ya tare shi da ƙirji. Duk saitin da ya ɓata hantsi yana yi ya tashi a banza.

Maiwada ya dame shi, wai ya ɗauki jirgin mana, ai wataƙila yaron na ciki, ko ba komai uwar ta ga abin da ɗanta ke hawa. Samarin masu farar kwat suka sa baki, suna tsokanarsa da Faransanci, wai tsoho ya ce wa jirgi ya tsaya. Zuciya ta ɗebi Kailu, ya ɗaga hancin akwatin sama, ya jira ɗaya ya nufo, ya cire murfi ya mayar da saurin da bai taɓa yi ba. Ya zura hannu ta hannun rigar da ke jikin akwatin, ya tsoma takardar a ruwan magani, ya leƙa ta 'yar kafa yana jira. Babu komai sai sama fayau da wani zane a gefe, kamar an goge majina. Ya sake gwadawa lokacin da uku suka wuce a jere, wannan karon ko zanen bai samu ba. Takarda biyu sun tafi, kuma shi ya san tun farko haka za a yi. Ya ji haushin Maiwada, ya ji haushin samarin, amma haushin kansa ya fi.

Ɗaya daga cikin samarin ya matso yana gyara wuyan kwat, ya ce to a ɗauke shi shi, da jirage a bayansa, zai biya ninki. Kailu ya ce masa da Hausa ya tafi ya ba shi wuri. Yaron bai ji Hausa ba, amma ya ji muryar.

Hadari ya taso daga teku ya rufe rana, haske ya dushe, aka ɗan yi yayyafi. Kailu ya lulluɓe akwatin da rigarsa ya tsaya a singileti. Yana tsaye yana juya saƙo na biyu a ransa. Ko da ya gano yaron, yaya zai yi? Mutuwar uba ba abin da ake ƙwalawa a tsallaken fili ba ce, a gaban masu aceke da gardawa. Zaunar da mutum ake yi, a tambaye shi gajiya, a ce masa tsoho ya sha jiki, a bar shi ya gane da kansa kafin a faɗa. Ya yanke cewa hoto zai fara ɗauka, in ya so ya yafito shi ya matso bakin igiya.

Bayan azahar rana ta sake leƙowa, jiragen suka fara sauka. Wani babba mai inji biyu ya gangaro a hankali ya juyo gefen igiya, kusa fiye da duk sauran, farfelarsa na watsa wa mutane yashi a ido. Sojoji baƙaƙe suka rugo da gungumen katako da ake tokare tayoyi. Maiwada ya damƙi hannun Kailu.

“Ga shi can. Na ukunsu, mai katako a hannun hagu. Wallahi shi ne.”

Kailu ya faɗa cikin ƙyalle, ya juya ido, ya sa takarda. Ya fito ya kama murfi. Yaron na gudu, sauran na gudu, jirgin bai gama tsayawa ba. Sai direban jirgin ya kashe inji ɗaya, ƙarar ta faɗi, aka sami wani ɗan sarari da murya za ta iya ratsawa. Kailu bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Bakinsa ne ya yi abin da ya saba.

“Buje-fa!”

Mai aceke ta ƙame da ludayi a hannu. Gardi ya waiwayo. Can cikin fili kuwa, a tsakiyar masu gudu, mutum ɗaya ya tsaya cak kamar an dasa shi. Harisu ne, yaron da aka zaunar a kujerar gindin mangwaro tun yana rarrafe, jikinsa ya ji tsawar kafin kansa ya fahimce ta. Ya juyo yana neman inda ta fito. Kailu ya ga ya ƙura ido wajensu, ya ga ya saki katakon ya faɗi, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama. Kailu ya yi tsaki, sau nawa ya gaya wa yaron nan hannu a cinya ake ajewa. Amma hannun ya tsaya a sama bai motsa ba, sai ya cire murfi, ya yi bisimilla, ya mayar.

Ko gama mayarwa bai yi ba wani sajan Bature ya iso kan Harisu, ya hankaɗa shi ta ƙeya, yana nuna tayar jirgin yana zazzaga masa faɗa. Yaron ya sunkuya ya ɗauki katakon ya ruga. Kailu ya shiga yafito shi da hannu biyu, yana kiran sunansa, yana cewa ya matso. Wani jirgi ya sauko a bayansu ya cinye muryar. Gardin nan kuma ya iso da kulki, ya ce a kwashe akwati, mai ihu ya ja baya. Kafin Kailu ya gama roƙo an tura su can ƙarshen igiya, inda ko jelar jirgin ba a gani sosai.

Daga nan ya ga an jera sojojin hidima, an ƙirga su, sun hau cikin babban jirgin ɗaya bayan ɗaya. Wani daga cikinsu ya tsaya a bakin ƙofa ya waiwayo ya ɗaga hannu, aka ture shi ciki. Ko Harisu ne ko wani, Allah masani. La'asar sakaliya jirgin ya tashi ya yi arewa.

A gindin wata kwakwa Kailu ya wanke takardar. Hoton farko baƙi ne ke fita fari, fari ya fita baƙi, sai an kafa shi gaban akwatin an sake ɗaukarsa kafin ya zama na mutane. Takardar ƙarshe ta tafi a nan. Da ya ɗauraye ta a bokiti ya ɗaga, sai ya ji kamar ya jefa akwatin a teku. Jirgin ya fito kamar gajimare. Sojojin duk sun narke sun zama inuwa. A tsakiya ga mutum ɗaya tsaf, tsaye, hannu a sama, amma duk tsawonsa bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Fuskar ɗigo ce kawai. Kuma ko akwatin bai kalla ba, ya ɗan karkata gefe. Maiwada ya leƙa ya ce ai ya yi kyau. Kailu ya fizge malafar daga kansa, ya saɓa akwati suka nufi gada.

Ana kiran magariba ya shiga gidan. Ya rataye malafar a ƙusarta, ya zauna a bakin ƙofa, ya miƙa wa Tsahara hoton ba tare da ya dube ta ba. Ya fara ba ta haƙuri, yana lissafa igiya da gardi da hadari da taurin kan jirage. Ta fito da hoton bakin ƙofa inda sauran haske yake, ta kai shi kusa da ido, ta daɗe.

“Ya yi ƙiba,” in ji ta.

Kailu bai ga inda ƙiba za ta ɓuya a ƙwayar shinkafa ba, amma ya ce ƙwarai, ya yi.

“Ka hwaɗa mishi?”

Ya ce bai samu ba. Ya ce sarari ɗaya aka ba shi, kuma ba ya iya ƙwala irin wannan magana a gaban duniya. Ta gyaɗa kai, ba ta ga laifinsa ba. Ta sake duban hoton, ta sa farcen ɗan yatsa a ƙarƙashin hannun nan da ke sama. Sai ta ɗaga kai ta dubi ƙusa.

“Wa ya sa malafar?”

“Maiwada na ba ya riƙe mini, Yaya. Ba ta shiga ƙyalle.”

“Yana ina, da ka ɗauka?”

“Yana gefena, ta hannun dama.”

Yana faɗa ya ji abin da ya faɗa. Maiwada dogo ne, mai faɗin kafaɗa, kamar marigayin. Daga tsakiyar fili ba a ganin fuska, shi ya fi kowa sani, amma jar malafa ana ganinta. An aike shi ya gaya wa yaro ubansa ya mutu, ya je ya nuna masa uban tsaye da ransa, ya zo kallonsa kamar yadda ya roƙa. Yanzu yaron na can sama yana murna, zai kwana yana ba abokansa labari, kuma babu wanda ya san ranar da za a sake ganin wanda ya gan shi. Kailu ya dubi Tsahara. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Tsahara ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta goge damshin hoton da gefen mayafinta, ta tashi ta sauko da malafar, ta soke hoton a cikin zagayen fatar da ke ciki.

“Ba ni anka gaida ba,” in ji ta. “Bari shi zamna wurin wanda anka gaida.”

Ta mayar da malafar kan ƙusa, ta ɗauki buta ta zagaya yin alwala.